Bidiyon tafiye-tafiye: Yadda ɗalibai za su gina manhajar auna abin da masu kallo ke so

Duk lokacin da aka dawo daga hutu, wayoyin matasa kan cika da bidiyon wuraren da suka je. Wannan ya hau Dutsen Dala da la’asar ya ɗauko Kano daga sama, wancan ya bi ’yan ajinsu zuwa Yankari ya yi wanka a ruwan Wikki, wata kuma ta ɗauki Hawan Daushe daga inda ta tsaya a Ƙofar Kudu. Da yawa daga cikinsu ba sa tsayawa kan nuna wa ’yan gida. Sukan buɗe tasha a YouTube su ɗora, da fatan wata rana abin zai zama sana’a.

Koken da muka fi ji daga irin waɗannan matasa guda ɗaya ne. Mutum zai daɗe yana tara kuɗin mota, ya kwana biyu a hanya, ya dawo ya raba dare yana tace bidiyo a waya, ya ƙona data wajen ɗorawa, amma bayan mako guda ya tarar ƙalilan ne suka kalla. Sai kuma wani guntun bidiyo da ya ɗauka a tsaye a tashar mota yana ciniki da mai fura ya ninka wancan sau goma. Idan aka tambaye shi dalili, sai ya ce sa’a ce, ko kuma YouTube ne ba ya yi da shi.

Mai barkwanci ko mai koyar da girki zai iya gwada bidiyo goma a cikin gidansu har ya gano wanda ya karɓu, bai yi asarar komai ba sai lokaci. Mai bidiyon tafiya kuwa kowane gwaji da kuɗinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, sannan a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ke yin wannan harka da kuɗin kashewarsa ba shi da halin yin ta da ka. Shi ya sa a wannan makon muka ɗauko batun yadda za ku gina ƙaramar manhaja da hannunku, wadda za ta riƙa tattara alƙaluman bidiyonku tana nuna muku wace tafiya ce ta biya wahalarta.

Abin da YouTube ke dubawa

Bidiyon farko da aka taɓa ɗorawa a YouTube na ziyara ne. A ranar 23 ga Afrilun 2005, Jawed Karim, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa dandalin, ya ɗora bidiyo mai tsawon daƙiƙa 19 yana tsaye a gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego da ke Amurka. A shekarar da ta biyo baya Google ya sayi kamfanin a kan Dala biliyan 1.65. A shekarun farko yawan dannawa ne ke ɗaga bidiyo, abin da ya sa mutane suka riƙa yaudarar masu kallo da take da hoton da ba su da alaƙa da abin da ke ciki. A 2012 YouTube ya sauya tsari, ya koma ba da muhimmanci ga tsawon lokacin da mutane suka ɗauka suna kallo.

Wannan sauyi yana da alaƙa kai-tsaye da aljihu. Kafin tasha ta fara samun rabonta daga tallan da ake sakawa a dogayen bidiyo, wanda kashi 55 cikin 100 ne, sai ta tara mabiya 1,000 da sa’o’in kallo 4,000 a cikin wata 12 da suka gabata, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts a cikin kwana 90. Sa’a 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo yana zama minti uku, kuna buƙatar kallo 80,000. Idan kuka iya riƙe shi minti shida, kallo 40,000 ya isa. Ke nan gyaran da zai ninka zaman mai kallo daidai yake da ninka yawan masu zuwa, kuma ba ya buƙatar sabuwar tafiya.

An riga an ga cewa bidiyon tafiya kan ciyar da mai shi a nahiyar nan. Tayo Aina daga Legas da Wode Maya daga Ghana kowannensu ya haura mabiya miliyan guda da nuna garuruwa da mutanen Afirka, haka ’yar ƙasar Holan ɗin nan Noraly Schoenmaker, mai tashar Itchy Boots, wadda ta ratsa Najeriya a kan babur. Abin kallo ma ba mu rasa ba. UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a jerin al’adun duniya a 2016, Hawan Sallar Kano a 2024, ga tsohon birnin Agadas da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. Abin da ya rage wa matashinmu shi ne ya san yadda ake karanta sakamakon aikinsa.

Alƙaluma huɗu da suka fi muhimmanci

Duk mai tasha yana da manhajar YouTube Studio kyauta, kuma cike take da alƙaluma. Huɗu daga ciki sun isa a fara da su.

Na farko shi ne sau nawa YouTube ya bijiro wa mutane da hoton bidiyonku a shafinsu. Na biyu shi ne kason dannawa, wato cikin waɗanda aka bijiro wa, kashi nawa suka danna. A ce an nuna hoton sau 5,000 aka danna sau 200, kason dannawa ya zama kashi 4 cikin 100. YouTube da kansa ya bayyana cewa rabin tashoshi da bidiyon da ke dandalin suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 ne. Wannan adadi yana ba da labarin take da hoton bango ne kawai, domin mutum bai ga komai na ciki ba lokacin da ya yanke shawarar dannawa.

Na uku shi ne matsakaicin zaman mai kallo. Bidiyo mai minti 10 da ake zama minti biyu da rabi a kansa yana riƙe kashi 25 cikin 100 ke nan. Na huɗu shi ne hanyar da mutane suka bi suka iso: binciken YouTube ne, ko shawarar da dandalin ya ba su, ko kuwa mahaɗin da kuka tura a WhatsApp. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai ga mai bidiyon tafiya. Kallon da ya zo daga ’yan uwa da abokai a WhatsApp kan ƙare cikin ’yan kwanaki, amma bidiyon da ke amsa tambayar da mutane ke nema, kamar yadda ake zuwa Yankari daga Bauchi da abin da ya kamata a riƙe, zai iya ci gaba da samun masu kallo duk lokacin hutu.

Idan aka haɗa na biyu da na uku, cutar bidiyo kan bayyana. Dannawa da yawa amma zama kaɗan na nufin hoton ya yi alƙawarin da bidiyon bai cika ba. Dannawa kaɗan amma zama mai tsawo na nufin aikin ya yi kyau, take da hoton ne suka kasa tallata shi, kuma waɗannan ana iya sauya su ko bayan an ɗora.

Abin da YouTube bai sani ba

Mai karatu zai iya tambaya: tunda Studio na nuna duk wannan, mene ne amfanin gina wata manhaja? Amsar ita ce akwai abubuwan da ku kaɗai kuka sani. YouTube bai san nawa kuka kashe zuwa Gembu ba. Bai san cewa wannan bidiyon na kasuwa ne, wancan na abinci, wancan kuma na tarihi ba. Bai ware muku waɗanda kuka yi magana da Hausa zalla daga waɗanda kuka sa wa fassarar Turanci a ƙasa ba. Aikin manhajarku shi ne ta haɗa abin da YouTube ya sani da abin da kuka sani a wuri guda.

Don haka matakin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ku ɗauki takarda ku rubuta tambayoyi uku da kuke son amsarsu. Misali: wane irin bidiyo ne ya fi riƙe mutane, na abinci ko na wuraren tarihi? Tafiya mai nisa ta fi ta cikin gari riba? Hoton bango mai fuskar mutum ya fi na fili samun dannawa? Tambayoyin ne za su nuna muku bayanan da za ku tara. Wanda ya fara da tara alƙaluma ba tare da tambaya ba yakan ƙare da jadawali mai kyan gani da ba ya sauya masa komai.

Daga nan sai ku buɗe jadawali a Google Sheets, wanda ke aiki ko a waya. Kowane bidiyo layi guda. A ginshiƙai ku sa lambar shaidar bidiyon, wato haruffa 11 da ke cikin adireshinsa, sai wurin da aka je, nau’in bidiyon, harshe, ranar ɗorawa, ko lokacin biki ne, da kuɗin da aka kashe. Wajen nau’i ku tsaya a kan kalmomi ƙayyadaddu, kamar abinci, kasuwa, tarihi, daji, biki, hanya. Idan yau kun rubuta “kasuwa” gobe “Kasuwa” jibi “kasuwar gari”, kwamfuta za ta iya ɗaukar su abubuwa uku daban, lissafi ya lalace.

Sai ɓangaren YouTube. Idan kuka buɗe Studio ta burauza, a sashen alƙaluma akwai babban shafi mai cikakken bayani, inda za ku iya fitar da jadawalin bidiyonku zuwa Google Sheets ko fayil ɗin CSV. Lambar shaidar nan ce za ta ɗaure jadawalin biyu, umarnin VLOOKUP kuma shi ke ɗauko bayanin kowane bidiyo daga wannan ya ajiye kusa da ɗan uwansa a wancan.

Da zarar sun haɗu, za ku iya fitar da adadin da muke ganin ya fi kowanne amfani ga ɗalibi, wato kuɗin da kowace sa’ar kallo ta ci. A ce tafiyar da ta ci Naira 40,000 ta samar da bidiyon da aka kalla na sa’a 200, kowace sa’a ta tsaya a kan Naira 200. A ce kuma zagayen marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi ya ci Naira 3,000 ya samar da sa’a 60, kowace sa’a Naira 50 ke nan. A ido doguwar tafiyar ce ta yi nasara, domin ta fi yawan kallo. A lissafi ta cikin garin ta fi ta araha sau huɗu.

Daga jadawali zuwa manhaja

Jadawali na zama manhaja ne a lokacin da ya daina jiran ku kwafo masa bayani da hannu. Hanyoyi biyu ne suka fi sauƙi ga mai farawa. Ta farko ita ce Apps Script, wanda ke cikin Google Sheets kuma yana amfani da harshen JavaScript. Ta biyu ita ce harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma ana iya rubuta shi a Google Colab ta burauza ba tare da an girka komai ba. Colab na gudanar da aikin ne a kwamfutocin Google, saboda haka tsohuwar kwamfutar ɗakin karatu ta makaranta ma ta wadatar, matuƙar akwai intanet.

Ko wacce kuka zaɓa, manhajar aiki huɗu take yi a jere. Ta ɗauko alƙaluma, ta tsabtace su, ta yi lissafi, ta nuna sakamako a zane ko a gajeren rahoto. A Python akwai ƙunshin kayan aiki mai suna pandas, wanda da layi biyu ko uku zai kasa bidiyonku gida-gida bisa nau’i ya fitar da adadin kowane gida.

Ɗauko alƙaluma kai-tsaye daga YouTube ana yin sa ne ta abin da ake kira API. Ku ɗauke shi kamar tagar kanti: manhajarku ta miƙa tambaya a rubuce bisa tsarin da aka gindaya, a miƙo mata amsa. Tagogi biyu ne suka shafe mu. YouTube Data API na ba da bayanan da kowa ke iya gani na kowace tasha, kamar take, tsawo, ranar ɗorawa, yawan kallo, yawan masu so da yawan sharhi. YouTube Analytics API kuwa na ba da bayanan ciki, irin su zaman mai kallo da ƙasashen da ake kallo, kuma sai mai tashar ya shiga da asusunsa ya ba da izini. Wannan na nufin ba za ku iya ganin minti nawa ake zama a bidiyon Wode Maya ba, naku kawai za ku gani. Yawan waɗanda suka nuna ba sa son bidiyo ma an ɓoye shi tun ƙarshen 2021.

Amfani da tagar farko kyauta ne, amma da iyaka. Bayan kun buɗe aiki a Google Cloud kun karɓi makulli, ana ba ku maki 10,000 a rana, kuma kowace tambaya da farashinta. A nan muka yi kuskurenmu na farko lokacin da muke gwada wannan aiki. Mun sa manhajar ta riƙa neman bidiyo da umarnin bincike, search.list, ba mu lura cewa kowane kira ɗaya yana cin maki 100 ba. Kira 100 ke nan rabon yini ya ƙare. Kafin azahar manhajar ta daina amsawa, muka yi ta duba rubutunmu muna neman kuskuren da babu shi. Sai washegari da safe ta dawo, domin ana sabunta makin ne da tsakar daren yammacin Amurka, wanda ke kamawa ƙarfe 8 ko 9 na safe agogon Najeriya, gwargwadon lokacin shekara.

Hanya mai araha ita ce wannan. Kowace tasha tana da jerin duk bidiyon da ta ɗora. Ku tambayi lambar jerin da channels.list, maki ɗaya. Ku karanta jerin da playlistItems.list, maki ɗaya ga kowane bidiyo 50. Sannan ku nemi alƙalumansu da videos.list, shi ma maki ɗaya ga kowane 50. Tasha mai bidiyo 200 za ta ci maki 9 kacal.

Wajen tsabtacewa akwai ƙananan abubuwan da ke tuntuɓe da mai farawa. Tsawon bidiyo na zuwa ne a rubuce kamar PT8M30S, ma’ana minti 8 da daƙiƙa 30, sai kun koya wa manhajar ta mayar da shi daƙiƙa 510 kafin ta iya lissafi da shi. Lokacin ɗorawa na zuwa da agogon duniya na UTC, wanda Najeriya da Nijar ke gabansa da sa’a guda. Makullinku kuma sirri ne. Kada ya fito a hoton allo da za ku tura wa abokai, domin duk wanda ya same shi zai iya cinye rabonku. Haka nan YouTube yana da ƙa’idoji kan tsawon lokacin da ake adana bayanan tashoshin wasu da abin da aka yarda a yi da su. Ku karanta su kafin ku ba jama’a manhajarku. Mafi aminci ga ɗalibi shi ne ya gina lissafinsa a kan tasharsa.

Tarkuna biyar a cikin lissafi

Manhaja ba ta gardama. Duk abin da aka ba ta za ta lissafa, ko da tambayar karkatacciya ce. Ga wuraren da ake yawan zamewa.

Na farko, matsakaici na yaudara. A ce bidiyonku biyar na kasuwa sun samu kallo 300, 420, 450, 510 da 18,000. Idan aka tara aka raba biyar za a samu 3,936, adadin da huɗu daga cikinsu ba su ko kusance shi ba. Idan kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, za a samu 450, wanda shi ne ainihin abin da bidiyon kasuwa ya saba kawo muku. Umarnin MEDIAN ke fitar da wannan, a Sheets da pandas duka. Shi kuma mai 18,000 a ware shi a yi nazarinsa shi kaɗai.

Na biyu, shekarun bidiyo. Ba adalci ba ne a gwada wanda ya shekara a dandali da wanda aka ɗora makon jiya. Ku sa manhajar ta ɗauki kwana 28 na farkon kowane bidiyo, ta yadda kowa zai yi tsere a fili ɗaya.

Na uku, kada a cakuɗa Shorts da dogayen bidiyo. Daga 31 ga Maris ɗin 2025, YouTube na ƙirga kallon Shorts ne da zarar ya fara ko an maimaita shi, ba tare da sharaɗin an zauna ba. Kallo dubu a can da kallo dubu a nan ba abu ɗaya ba ne.

Na huɗu, lokaci. Bidiyon Hawan Nasarawa da aka ɗora a makon Sallah zai samu masu nema ko da tacewarsa ba ta yi kyau ba. Idan ba ku sa ginshiƙin biki a jadawali ba, za ku zaci sabon salon da kuka gwada ne ya jawo mutane.

Na biyar, ƙarancin misalai. Bidiyo biyu na abinci ba su isa a yanke hukunci a kan abinci ba. Ku sa manhajar ta riƙa rubuta yawan bidiyon da ke kowane gida kusa da sakamakonsa, don ku san wanda za ku dogara da shi da wanda ke buƙatar ƙarin gwaji. A nan ne kuma sayen kallo ko mabiya ke cutar da mai shi sau biyu: ya saɓa dokar dandalin, ya kuma gurɓata alƙaluman da zai koyi darasi daga gare su.

Inda mutane ke tashi

Ga kowane bidiyo, Studio na nuna wani zanen layi da ke bin sa daga farko zuwa ƙarshe, yana nuna kashi nawa na masu kallo suka rage a kowane lokaci, har da adadin waɗanda suka wuce daƙiƙa 30 na farko. Ku buɗe zanen a gefe, bidiyon a gefe, ku rubuta abin da ke faruwa a duk inda layin ya faɗi da duk inda ya ɗaga.

Masu bidiyon tafiya suna da wata jaraba ta musamman, ta ba da labari yadda ya faru: an tashi da asuba, an haɗa kaya, an je tashar mota, an jira mota ta cika, an tsaya shan mai. Duk wannan wahala ce da mai bidiyon ya sha, shi ya sa yanke ta ke masa ciwo. Amma wanda ya danna don ya ga giwayen Yankari zai iya tafiya kafin motar ta bar Bauchi. Ku ƙara ginshiƙi guda a jadawalinku: a daƙiƙa ta nawa aka fara nuna abin da take ya yi alƙawari? Bayan bidiyo 15 ko 20, ku sa manhajar ta gwada wannan da zaman masu kallo. Wataƙila ku tarar naku masu kallon suna son hirar cikin mota, wataƙila kuma a nan suke guduwa. Ko wanne ne, daga tasharku amsar za ta fito, kuma ta fi duk shawarar da za ku ji daga wanda bai san masu kallonku ba.

Abin da bai kamata alƙaluma su yanke ba

Akwai haɗari a wannan ilimi da ya kamata mu faɗa. Wata rana manhajar za ta iya nuna muku cewa take mai tayar da hankali ya fi samun dannawa, ko kuma bidiyon wuri mai hatsari ya fi na wurin zaman lafiya. Kowa ya san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki. Babu yawan kallon da ya kai ran mutum, kuma babu ɗalibin da ya kamata ya kama hanya ba da sanin iyayensa ba, ko ya shiga garin da bai san kowa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Haka batun mutuncin waɗanda ake ɗauka. Mai tallar nono a kasuwa, almajiri a bakin titi, matan da ke ɗiban ruwa, duk suna da haƙƙin a nemi izininsu kafin a sa fuskarsu a gaban duniya. Wuraren tsaro ba a ɗaukar su, jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya. Sannan garin da kuka kira “mafi talauci” ko “mafi hatsari” don neman dannawa, mutanensa za su ci gaba da zama da wannan suna bayan kun koma gida. Ku kuma sani cewa karɓar kuɗi daga YouTube na buƙatar shekara 18, wanda bai kai ba sai ta hannun iyaye ko mai kula da shi.

Ko tashar ba ta yi nisa ba, wanda ya gina wannan manhaja bai yi asara ba. Tattara bayanai, tsabtace su, yi musu tambaya da bayyana sakamako su ne ainihin aikin mai nazarin alƙaluma, sana’ar da bankuna, asibitoci, kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji ke nema. Nazarin alƙaluma na cikin darussan shirin 3MTT da Ma’aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku. Matashin da ya je neman gurbi ko aiki riƙe da manhajar da ya gina don warware matsalarsa yana da abin nunawa da ya wuce takardar shaida.

Ga ƙungiyoyin kwamfuta na makarantu, wannan aiki ne da za a iya rabawa a zango guda: wasu su tara bayanai, wasu su rubuta umarni, wasu su zana sakamako su gabatar a gaban aji, malami kuma ya riƙe makulli da asusun. Ga mai son farawa shi kaɗai, aikin wannan mako shi ne ya rubuta tambayoyinsa uku, ya buɗe jadawali, ya cike layin bidiyonsa goma na ƙarshe har da kuɗin da kowanne ya ci, sannan ya fitar da kuɗin sa’ar kallo na kowane ɗaya kafin ya tsayar da inda zai je a hutu mai zuwa.